Ba a Kiwon Kare Ranar Farauta

Da an gama ɗaure gero da dawa a Dogon Daji, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai a tuna da kare. Mafarautan ƙasar Tambuwal da ta Kebbe su sako shi gaba, su da gora da adda, shi da hancinsa, a nausa daji neman zomo da gafiya da kurege da guza. A ranar kowa na kiran karensa da suna, har da kirari. Kashegari kuwa a koma gidan jiya: dabbar da ta cika burgami da nama ita ce za ta wuni a bola tana tonon ƙashi, yara na auna ta da hoge. Magabata sun daɗe da ganin wannan hali namu, shi ya sa suka ce ba a kiwon kare ranar farauta.

Karen ƙasarmu siriri ne, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, gashinsa gajere, ja ko fari ko roɗi-roɗi, wutsiya a lanƙwashe. Jiki ne da ya dace da ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 da bazara. Ba ya gumi a fata irin namu, in ban da ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa. Zaro harshen nan da yake yi yana haki, da shi yake fitar da zafi. Don haka wanda ya ɗaure kare a tsakar rana cikin watan Afrilu, ba inuwa ba ruwa, kashe shi yake yi sannu a hankali. Hancinsa kuwa ba a magana. Ƙwayoyin jin wari na ɗan Adam wajen miliyan 6 ne, na kare sun haura miliyan 100. Kunnensa ma yana kama siririn sautin da namu ba ya ji. Idan ya tashi da haushi tsakar dare alhali ba ka ga komai ba, tsofaffi kan ce aljanu ya gani. Sanin gaibu sai Allah, amma ka fito da fitila ka duba, don sau tari dila ce ta kewayo akurki, ko maciji, ko mutum a bayan danga. Bafulatani a ruga ya san bambancin haushin baƙo da na dabba tun bai fito daga bukka ba. Ana cewa kare ka mutu da haushin kura. To, kura ta yi ƙaranci a dajin nan, amma ɓarawon shanu bai yi ba, kuma har yanzu kare ke fara jin tafiyarsa.

Da yawa cikinmu da addini muke fakewa wajen wulaƙanta shi, alhali addinin bai ce haka ba. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi a kan ajiye kare ba dalili, amma ya togace na farauta da na kiwo da na gona, waɗanda su ne karnukan Dogon Daji. Gaskiya ne an ce a wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai, amma a mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo, kwance a bakin ƙofa ya miƙe ƙafafunsa na gaba, bai rabu da samarin ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya ga kare na cin danshin ƙasa don ƙishi, ya koma cikin rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Sannan aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, idan an ambaci sunan Allah. Malaman fiƙihu sun fayyace horarre: a tura shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya. Wannan shi ne ma'aunin da kowane mai kare ya kamata ya auna nasa da shi.

Horon kuwa tun yana kwikwiyo ake farawa. Karya na ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta haifi 'ya'ya ido a rufe, kunne a toshe, sai wajen mako biyu su buɗe. Kada a raba ɗa da uwarsa kafin mako 8, don a wurinta da wurin 'yan uwansa yake koyon sassauta haƙori in ana wasa. Daga mako na 3 zuwa na 12 ne yake tantance wa ke nasa, wa ke abin tsoro. Kwikwiyon da ya tashi cikin awaki da kaji da yara masu tausayi, zai girma yana gadinsu. Wanda ya tashi da jifa da jan wutsiya, ranar da ya ƙosa yaro ne zai fara gani a matsayin maƙiyi. Karen bana ke maganin zomon bana, amma karen bana kwikwiyon bara ne.

Abu uku sun isa a fara da su: ya san sunansa, ya zo in an kira, ya tsaya in an hana. Kalma ɗaya za a riƙe wa kowane umarni, kowa a gidan ita zai riƙa faɗa. Da ya yi daidai, nan take a ba shi ɗan guntun nama ko lomar tuwo, a shafa kansa, don in aka jinkirta ba zai gane ladan me aka ba shi ba. Haka ma laifi. Idan ya kashe kaza da safe ka dawo da la'asar ka kira shi ka jibge shi, darasin da ya ɗauka shi ne zuwa wurinka haɗari ne, gobe ko ka yi ta kira ba zai waiwayo ba. In ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi, kuma lokacin shinshinar ake tsawatawa. Masu hana kare abinci wai don ya yi zafin nama, ɓarawo suke renowa. Yanke kunne da wasu mafarauta ke yi ma ban ga ribarsa ba: ciwo ne da ƙuda ke bi, ga shi da kunnen nan yake bayyana abin da ke ransa. In ya kwantar da su baya, ya sandare, ya ɗage leɓe yana gurnani, gargaɗi yake yi. Kada a doke shi don ya yi gurnani, in ba haka ba wata rana zai yi cizo ba sanarwa. A koya wa yara kada su taɓa kare yana ci ko karya tana shayarwa, kuma in baƙon kare ya taso musu su tsaya cik, hannu a jiki, don gudu ke tayar masa da jinin farauta.

Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe karen aiki. A haɗa masa da guntattakin nama dafaffe, ko kifi, ko wake, ruwa kuma kullum a kasko. Muna maƙwabtaka da Aliero, garin albasa, miyarmu ba ta rabo da ita, to albasa mai yawa na lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya huda hanji. Maganin ciwon jiki na mutane kada a ba shi, wasu magungunan na kashe shi. Kaska da ƙuma da ƙazuwa duk suna da maganinsu wurin malamin dabbobi, ba baƙin mai ko maganin feshin gona ba. Akwai kuma abin da mahauta ya kamata su sani. Hanta ko huhun da aka gani da ƙullutu mai ruwa, in aka jefa wa kare, tsutsa ce za ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fito a kashi ya bi ciyawa, ya koma cikin tumaki, wani lokaci har cikin mutum. A binne irin wannan nama ko a ƙone, a kuma riƙa ba kare maganin tsutsa duk wata uku.

Babban abin tsoro shi ne haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na cikin yawu. Ta shiga ta ciwo, ta bi jijiya sannu har ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku. Nan ne ake yaudaruwa: ciwon ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya kasa haɗiyar ruwa. Da alamu sun bayyana, sai dai addu'a. Abin baƙin cikin shi ne akwai rigakafi tun 1885, shekarar da Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa da allura. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato na yin allurar karnuka. Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato na da asibitin koyarwa na dabbobi, ga kuma ma'aikatan dabbobi na jiha da na ƙananan hukumomi. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 a yanki, cutar na yankewa. Da shugabannin mafarauta da ardo-ardo za su sa rana ɗaya kafin buɗe daji, kowa ya kawo nasa, da an kai wannan adadi a ƙasar Dogon Daji ba wuya.

In kuwa cizo ya auku, ko da karce ne, a bar batun ƙona gashin karen a shafa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15, kada a ɗaure da tsumma, a wuce asibiti a ranar don fara allura, a kuma cika ta yadda aka tsara. Karen in na gida ne kuma da alamar lafiya, a killace shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a kai wanda aka ciza. In ya canza hali, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da dutse, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai neman ƙashin da ya maƙale. A kira malamin dabbobi.