Hanyar Gano Karkacewar Tamin a Tsohon Inji: Misali Daga Peugeot 504

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa gano karkacewar tamin aiki ne mai matakai, kuma wanda ya tsallake mataki ɗaya yana iya jawo asarar inji. Mun ɗauki Peugeot 504 misali saboda sanin da aka yi mata a ƙasar nan, tun da aka soma haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975.

2.0 Ma'anar Tamin

Tamin shi ne lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. Da yake cakuɗin mai da iska ba ya ƙonewa nan take, tilas ne tartsatsin ya zo kafin fistan ya kai ƙololuwa, yawanci da digiri 5 zuwa 10 in inji yana silo. Gwargwadon ƙaruwar gudun inji, gwargwadon yadda distiributa ke ƙara gaggauta wutar.

3.0 Alamomi

Idan wuta ta riga lokacinta, za a ji inji yana ƙwanƙwasa wajen hawan tudu, yana kuma turjewa wajen tayarwa. In aka bar shi haka, zafi yana iya huda fistan. Idan kuwa ta makara, mota za ta rasa ƙarfi, ta sha mai, bakin salansa ya yi zafi ainun. Sai dai gurɓataccen fetur ma yakan kawo ƙwanƙwasa, toshewar lagireto kuma takan kawo zafi. Watau alama kaɗai ba ta isa hujja ba.

4.0 Matakan Bincike

Na farko, a duba jerin wayoyin fulogi. A 504 jerin shi ne 1-3-4-2, kuma ana fara ƙirga silinda daga wajen fulawil.

Na biyu, a auna tazarar kwantak, wadda ta kamata ta zama kimanin milimita 0.4. Nan ne akasarin kuskure ke aukuwa. Yayin da dundunniyar kwantak ta cinye, tazarar takan ragu, kwantak ya jinkirta buɗewa, wuta ta makara, alhali babu wanda ya taɓa distiributa. Wanda ya juya distiributa kafin ya gyara tazara, ya yi gini ke nan a kan yashi.

Na uku, a juya inji da hannu har alamar tamin ta daidaita. A haɗa ƙwan fitila mai bolt 12 tsakanin wayar kwantak da jikin inji, a buɗe makulli. In tamin daidai yake, fitilar za ta kama a kan alamar sak.

Na huɗu, a ta da inji, a haska alamar da fitilar tamin, a ƙara totur. Lalle ne alamar ta matsa sannu a hankali. In ta tsaya cik, ƙarafan nauyin da ke cikin distiributa sun cije. In tana rawa, sandar distiributa ta yi lako-lako.

5.0 Kammalawa

Kunnen gwanin makaniki abin girmamawa ne, amma ba a miƙa wa ɗalibi kunne a aji. Abin da za mu iya miƙa masa shi ne wannan jeri: waya, tazara, alama, sa'an nan gudu. Muna ba da shawara a hana ɗalibi kwance ƙusar distiributa sai ya rubuta abin da ya auna a kowane mataki.