Ruwa ba ya tsami banza: dalilin ja-da-bayan kamun kifi a tabkunan gulbi

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin ɗaya daga cikin tabkunan da ke kwance a kwarin Gulbin Maraɗi, tsakanin Tsibiri da Gidan Rumji, ya san abin da za mu faɗa. Tun kafin gari ya waye masunta sun tura jirgi cikin ruwa, mutum uku ko huɗu a jirgi guda, domin ba kowa ke da halin mallakar nasa ba. Jiya da marece sun shimfiɗa mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa wadda ake ɗaura wa duwatsu don ta kwanta a ƙasan ruwa, inda tarwaɗa ke kiwo. Yanzu sun zo dubawa. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na jan igiya, sauran sun zura ido. Ƙugiya ta farko ta fito wayam, ta biyu haka, ta goma ma haka. Hira ta mutu. Kafin hantsi an kai ƙarshen igiya, abin da ke cikin jirgi bai fi a riƙe shi a hannu ɗaya ba, ga shi kuwa sai an fitar da kason mai jirgi kafin a raba saura. A bakin gaɓa mata masu suya da ƴan sari suna jira da kwanoninsu.

A irin wannan rana sai ka ji ana cewa babu sa'a, ko kuma a ce wani ya shigo jirgi da farar ƙafa. Dattijai kuma su ba yara haƙuri, su tuna masu cewa mahaƙurci mawadaci ne. Haƙuri dai abu ne mai kyau, kuma wanda ba shi da shi bai kamata ya kama sana'ar su ba. Amma wajibi ne mu rarrabe abu biyu: akwai rashin kamu na rana, wanda haƙuri ke maganinsa, akwai kuma rashin kamu na shekaru, wanda haƙuri kaɗai ba ya warkar da shi.

Rashin kamu na rana

Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. In hunturu ya kankama, cikin watan Disamba da Janairu, ruwa ya yi sanyi, sai cin abincinsa ya ragu. Karfasa musamman, da zarar zafin ruwa ya sauka ƙasa da awo 20, ba ta damuwa da abin da aka saƙala wa ƙugiya. Tana nan cikin ruwa, yunwa ce ba ta ji.

Da bazara kuma wata matsala ce daban. Ruwa ya janye, ya yi zafi, ya yi kauri. Iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa takan yi ƙaranci, kuma ta fi ƙaranci da asuba, domin tsirran ruwa da rana suke samar da ita, da dare kuwa su ma shaƙar ta suke yi. Shi ya sa akan ga kifi ya taso sama yana buɗe baki da sassafe, ƙugiyar da ke ƙasa kuwa ba mai taɓa ta. Tarwaɗa ta fi sauran jimiri, saboda Allah ya yi mata wata gaɓa a bayan kai wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Gaiwa ma ta fi ta dabara: in tabki ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta naɗe, ta yi watanni tana jiran damina.

Duk wannan masunta na gado sun san shi ta hanyar lura, ko da ba su karanta shi a littafi ba. Wanda ya san shi yakan sauya wuri, ya sauya lokaci, ya sauya kayan aiki, gobe ko jibi ya dace.

Rashin kamu na shekaru

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ba ya wucewa da sauyawar yanayi: kifi na raguwa shekara bayan shekara, wanda ake kamawa kuma yana ƙara ƙanƙancewa. Dalilin farko shi ne ruwan kansa.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana shigowa Nijar ta gundumar Madarunfa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Ba ya gudu sai da damina. Ambaliyarsa ce ke cika tabkunan kwari, ita ce kuma ke kawo masu sabon iri, domin tarwaɗa cikin ciyawar da sabon ruwa ya rufe take zuba ƙwai. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun raunana wannan tsari a duk faɗin yankin Sahel. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara da kansa ya tsaya da gudu a Yamai. Tabkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan a tsakiyar shekarun 1980.

Bayan fari sai ga madatsa. A 1989 aka gama ginin madatsar ruwa ta Jibiya, cikin jahar Katsina, a kan kogin Gada, wanda shi ne kan Gulbin Maraɗi. Tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. An yi ta domin noman rani da ruwan sha, amma ruwan da ta riƙe a can sama shi ne dā yake malalowa ya cika kwarinmu. A watan Yuli na 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suke tarayya a kai, kuma kwarin Gada da Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata da suna. Masunci da ke jan igiya a Gidan Rumji bai kamata ya jahilci wannan ba, domin rabin arzikin tabkinsa a hayin iyaka ake ƙaddara shi.

A gabas, wajen Gazawa da Agye, lamarin ya fi tsanani. Gulbin Kaba, wanda ya samo sunansa daga kabar goribar da ta cika kwarinsa, ba safai yake gudu ba. Yawancin tabkunan wannan yanki ruwan sama ne kawai ke cika su, su yi ƴan watanni su ƙafe. A ƙasarmu rana da iska suna shanye ruwa fiye da mita 2 a shekara daga duk tabkin da ke fili. Ga kuma rairayi: da aka sare itatuwa aka nome gaɓa har bakin ruwa, kowace damina sai ƙorama ta kwaso ƙasa ta zuba cikin tabki. Zurfi na raguwa, kacalla na cin gefe, wurin kifi na ƙuntata.

Dalili na biyu kuwa daga hannunmu yake. Da kifi ya fara ƙaranci, sai aka rage idon taru don a kama ƙanana. Da ƙananan suka ragu, har gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓi wasu suka mayar da shi koma. Ku duba yadda karfasa ke haihuwa: namiji ya haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai, sa'an nan ta kwashe su cikin bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama uwa guda a wannan lokaci ya kashe ɗaruruwa. Wanda ya ja taru a ƙasan tabki ya rushe ramukan duka. Manomin da ya cinye irinsa da rani, wa zai zarga in damina ta faɗi?

Ko teku ma tana ƙarewa

Wani zai ce ai tabki ne ƙarami, da teku muke da ita da ba mu san wannan wahala ba. To, a ƙasashen bakin teku, kamar Amurka, akwai manyan jiragen haya da mutane da yawa ke biyan kuɗi su shiga tare, a kai su can tsakiyar ruwan gishiri, kowa ya saki ƙugiyarsa da dalma har ƙasa. Matuƙin yana da na'urar da ke nuna masa inda kifi yake. Duk da haka sukan wuni ba su kama abin kirki ba, su dawo suna gunaguni. Su dai hasararsu kuɗin shiga ce, domin nishaɗi ya kai su. Namu masuncin kuwa tukunyar gidansa ce ba za ta hau wuta ba.

Amma akwai inda abin ya wuce nishaɗi. A gaɓar Nufanlan, gabashin Kanada, an yi kusan shekara 500 ana kamun wani kifin ƙasan teku da ake kira kod, har mutane suka ɗauka ba shi da iyaka. Da manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku suka yawaita, sai ya ƙare. A 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun sa, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Ba a ɗage wannan hani ba sai a 2024, shi ma da ƙayyadadden adadi. In teku ta yi shekara 32 tana jinya, ina ga tabkin da yaro ke zagaye shi kafin azahar? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ke hannunmu

Maganin ba baƙo ba ne. Kakanninmu suna da sarkin ruwa, kuma ba a faɗa wa tabki da su sai ranar da ya ba da izini. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana tsare ruwan Matan Fada ba a taɓa shi sai ranar biki, kuma wannan tsaro shi ne sirrin manyan giwayen ruwan da ake fitarwa a can. Dokar ƙasa ma ta bi wannan sawu. Dokar kamun kifi ta dā, wadda aka yi ranar 7 ga Disamba 1998, ta wajabta takardar izini, ta hana guba da nakiya, ta kuma hana tarun da idonsa bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6. Yatsa uku awo ne da kowa ke yawo da shi a jikinsa, ba wanda zai ce bai san shi ba.

A jaharmu muna da abin koyi kusa. Tabkin Madarunfa, mai faɗin ekta fiye da 500, wanda kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, shi ne babban ruwan jahar Maraɗi, kuma a 2019 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wannan daraja nauyi ce a kanmu: in babban tabki na bukatar kariya, ƙananan sun fi shi bukata.

Ga abin da kowane gari mai tabki zai iya yi ba tare da jiran taimako daga nesa ba. Na farko, masunta su haɗu cikin ƙungiya guda, su yarda a rufe ruwa daga saukar damina har kifi ya gama haihuwa ya yi girma, su kuma sa masu tsaro daga cikinsu. Na biyu, a hana noma har bakin ruwa, a dasa itatuwa da gamba a gaɓa don su tare rairayi, a yi gayyar yankan kacalla kafin ta rufe fili. Na uku, a tabkunan Agye da Gazawa da ba su haɗuwa da gulbi, kifi ba shi da hanyar zuwa da kansa, sai an kawo shi. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna aikin zuba ƴaƴan kifi a tabkunan ƙasar nan. Tarwaɗar da aka zuba da farkon damina, in ta samu abinci aka kuma ƙyale ta, tana iya isa sayarwa cikin wata biyar ko shida, kafin ruwa ya ƙafe. Amma zuba iri a ruwan da ba a tsare ba kamar zuba hatsi ne a rumbu marar gindi.

Na huɗu kuma naku ne, ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci. A samu littafi guda a bakin kowane tabki. A rubuta rana, da yawan jiragen da suka shiga, da kilon da aka fitar, da irin kifin, da tsawon mafi ƙanƙanta. Cikin shekara biyu wannan littafi zai nuna abin da gardama ba ta iya nunawa: ko hunturu ne ya hana kamu, ko kuwa tabkin ne ke mutuwa. Da shi ƙungiya za ta je gaban magajin gari da hakimi da ma'aikatan gwamnati ta yi magana da hujja. Su kuma mahukunta, haƙƙi ne a kansu kada aikinsu ya tsaya ga karɓar kuɗin izini da ƙwace taru. Su zauna da masunta, su tsai da lokacin rufewa tare da su, su kuma riƙa tuna wa magabata zancen rabon ruwan gulbi.

A kasuwar Maraɗi ana sayar da kifin ƙanƙara da aka ɗauko daga teku, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin mota kafin ya iso. Ba laifi ba ne a ci shi. Amma kuɗinsa waje suke tafiya, alhali kuwa kifin tabkinmu kuɗinsa a hannun masunci da mai suya da mai banda suke tsayawa, romonsa kuma cikin kwanon yaranmu. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tabkin da ake so ya ba da kifi baɗi, bana ake hutar da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika gulabenmu, ya sa mu iya riƙon amanar abin da ya ba mu. Amin.