Alkama, Zuma da Ruwan Shuwaka: Gaskiya da Ƙarya a Kwanon Mai Ciwon Suga

Da zarar likita ya ce wa mutum yana da ciwon suga, kafin ya iso gida 'yan'uwa sun gama tsara masa abin da zai ci har ƙarshen rayuwarsa. Gwaggo ta ce daga yau sai tuwon alkama. Maƙwabci ya ce a'a, acca ce maganin abin. Abokin aiki ya turo saƙon murya ta WhatsApp, ana rantsuwa cewa ruwan shuwaka ya raba wani da ciwon gaba ɗaya. Duk da kyakkyawar niyya ake faɗa, kuma abin da ya sa maganganun suka ƙi mutuwa shi ne kusan kowacce da 'yar gaskiyarta a ciki.

Tushen ruɗanin ɗaya ne: an ɗauka harshe ne alƙali, abin da ya yi zaƙi shi ne guba, abin da ya yi ɗaci shi ne magani. Ciki bai san wannan hukunci ba. Duk abinci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa, doya, rogo, burodi ko taliya, narkewa yake ya koma sukari ya shiga jini, ko da bai yi zaƙi a baki ba. Sinadarin insulin ne ke kwashe sukarin daga jini ya shigar da shi tsoka da sauran sassan jiki. A nau'i na biyu na ciwon, wanda shi ne ke damun fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu fama da ciwon, jiki ne ke daina jin maganar insulin, ko kuma abin da yake samarwa ya gaza. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini, inda tsantsar gulukos ke da maki 100, abin da bai wuce 55 ba a ce mai tafiya a hankali ne, daga 70 zuwa sama kuma mai gaggawa. A wannan ma'auni dafaffen dankalin Hausa, da duk zaƙinsa, yana ƙasa da dafaffen dankalin Turawa wanda ba shi da zaƙin komai.

Mu fara da alkama, tunda ita ce sarauniyar jita-jitar. Gaskiya ne ƙwayar alkama da ba a cire mata dusa ba ta fi fulawa amfani. Amma alkama hatsi ce kamar dawa da gero da masara, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na kowannensu sitaci ne. Idan aka kai ta inji aka niƙe ta luƙwi, aka tankaɗe, aka tuƙa, ciki ba ya wata wahala wajen narkar da ita. A jadawalin da masana ke amfani da shi, burodin fulawa yana wajen maki 75, na alkama mai dusa kuma wajen 74. Bambancin ke nan. Ɓarnar da ta fi wannan ita ce ta tunani: mutum ya ji an ce alkama ba ta da laifi, sai ya ci malmala uku inda a da biyu yake ci na dawa, ga shi ya biya kuɗi fiye da na dawar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Acca ma haka take. Hatsi ce mai daraja, ana noma ta a Filato da Bauchi da kudancin Kaduna, ƙasar Gini kuma ta fi kowa samar da ita a duniya. Tana da wasu sinadaran furotin da suka yi ƙaranci a sauran hatsi. Sai dai farar accar da ake sayarwa a leda an riga an surfe ta tas, kuma faranti cike da ita zai ɗaga suga kamar yadda farantin wani hatsin zai ɗaga. Abinci ce mai kyau, a ci ta da awo.

Wanda aka raina a wannan tsere shi ne gero, alhali shi ne ke da hujja a hannu. A 2021 masu bincike ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda ke da rassa a Kano da Sadore kusa da Yamai, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan dangin gero da dawa, suka samu matsakaicin makinsu wajen 53, yayin da farar shinkafa ke wajen 72. To amma a nan ne hannun mai girki yake shigowa. Geron da aka jiƙa, aka niƙa, aka tace, aka ba awaki dusar, aka dama kamun ya zama koko, sannan aka zuba sukari, ya tashi daga wancan geron da aka auna. Surfe da tacewa suna tafiya da harzar da ke rage saurin narkewa, tare da kaso mai yawa na sinadarin ƙarfe da bitamin. Abin da aka ɓarza, irin su burabusko da dambu da faten tsaki, ya fi abin da aka niƙe laushi daɗewa a ciki, musamman faten da ganye ya fi tsakin yawa. Fura da nono ba haramun ba ce ga mai suga. Nonon da ba a sa masa sukari ba abinci ne na gaske, mai furotin da kalsiyam. Curin furar ne za a rage, sukarin kuma a bar shi a gwangwaninsa.

Maganar wake kuwa gaskiya ce, kuma ta cancanci a faɗe ta da ƙarfi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, yana da harza mai yawa, yana ɗaga suga a hankali, ga shi Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noma shi. Amma sunan wake a jikin abinci ba shaida ba ce. Ɗanwaken da ake sayarwa sau da yawa garin rogo ko fulawa ya fi waken yawa a cikinsa. Ƙosai wake ne, amma ya sha mai, kuma abokin tafiyarsa koko ne. Garau-garau zai yi wa mai suga daidai idan aka juya lissafin, wake ya rinjayi shinkafa. Alala, faten wake, gurjiya, awara da 'yar gyaɗa kaɗan duk suna wannan sahu.

Sai zuma, inda magana ke buƙatar ladabi. Darajarta a addini da al'ada ba abin musu ba ce. Amma wajen kashi 80 cikin ɗari na zuma sukari ne, kuma saboda nauyinta, babban cokali ɗaya yana ɗauke da sukari kimanin giram 17, fiye da abin da cokalin farin sukari ke ɗauka. Ta ɗan fi sukari jinkirin shiga jini, ɗan kaɗan. Wannan ma ana maganar zuma ta ainihi ce, ba wadda aka dafa da sukari a bayan gida aka ɗura a kwalba ba. Dabino kuma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, sai dai yana tafe da harzarsa. Ƙwaya ɗaya ko biyu a buɗa-baki ba matsala ba ce ga mafi yawan masu ciwon. A ajiye kwano a gaba ana tsinta har isha'i, wannan ce matsalar.

Shin shan zaƙi ne ke kawo ciwon tun farko? Rabi da rabi. Gado, tumbi, zaman wuri ɗaya da shekaru su ne manyan dalilai, amma abin sha mai sukari yana ƙara haɗarin sosai. Gorar lemon kola mai rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa babban mutum mai lafiya na yini guda a 2015, har ta ce giram 25 ya fi. Harajin naira 10 kan kowace lita da Nijeriya ta fara karɓa a 2022 daga wannan damuwa ya fito. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya da sunan ƙarin jini ba shi da wani sauƙi. Zoɓo, kunun aya da shayin mai shayi, laifinsu yana cikin ludayin sukarin da aka zuba.

Duk da haka, gidan mai suga bai kamata ya rasa sukari ba. Wanda ke allurar insulin ko shan wasu magungunan, sugansa yana iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji: gumi, karkarwa, yunwa mai tsanani, ruɗewa. A wannan lokaci babban cokali na sukari a ruwa shi ne ceto, kuma mai azumi ya karya nan take. Idan ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Tsoron zaƙi ya sa wasu sun yi shekaru ba su taɓa gwaiba ko lemon ɓawo ba. Wannan hasara ce kawai. 'Ya'yan itace da aka ci da harzarsu, gwaiba ɗaya, lemo ɗaya, yankan gwanda ko na kankana, suna kawo bitamin da jiki ke nema ba tare da sun yi ɓarna ba. Matse su a sha ruwan, ko a zauna wa tulin mangwaro a lokacinsa, ko a shanye sandar rake, shi ne ke canza labarin.

Ɗaci fa? Shuwaka, garahuni, darbejiya, saiwar wane da ɓawon wane. An gwada wasu daga cikinsu a kan ɓeraye da tsirarun mutane, an ga suga ya ɗan sauka, amma babu wanda aka tabbatar yana warkar da ciwon ko yana maye gurbin magani. Mai cewa ai maganin asibitin ma daga tsiro ya fito bai yi ƙarya ba. Metformin, wanda likita Jean Sterne ya fara ba masu ciwon a Faransa a 1957, asalinsa daga wani tsiron Turai ne mai suna galega. Abin da ba a ƙarasa faɗa shi ne tsiron kansa yana kashe tumaki idan suka ci shi da yawa. Sai da aka yi shekaru ana aiki aka samu sinadarin da jikin mutum zai ɗauka, aka san awonsa. Jiƙon da ke cikin gora ba wanda ya san ƙarfinsa, kuma ƙodar mai suga dama a wahale take. Ga yaron da ke da nau'i na farko, wanda jikinsa ba ya yin insulin, maganar ta rai ce. Kafin a fara allurar a Toronto a 1922 irin waɗannan yara mutuwa suke yi, kuma yau ma wanda aka ɗauke wa ita don a gwada jiƙo yana iya rasa ransa cikin kwanaki.

Akwai hanyar da aka ga ciwon ya lafa, sai dai ba ganye ba ce. A wani gwaji da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, wanda aka buga a 2017, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa tsarin rage ƙiba mai tsauri sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. Masu ƙiba ne da ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba, suna ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, kuma ga wanda ƙibar ta dawo, ciwon ya dawo. Siririn dattijon da ya riga ya rame, ba shi wannan labari yake nufi ba.

Shi wannan dattijo damuwarsa daban ce, kuma jita-jita ce ta jawo masa. An hana shi nama, an hana shi ƙwai da nono da 'ya'yan itace, an bar shi da tuwon alkama safe da dare, har ya rame, jini ya yi ƙasa, ana cewa ciwon ne ke cin sa. Nama, kifi da ƙwai ba su da sitacin da zai ɗaga suga. Kitsen da yawan suyar ne abin ragewa. Har ma akwai dalili na musamman da zai sa ya ci su: daɗewa ana shan metformin yana rage bitamin B12, wanda ake samu a hanta, nama, kifi, ƙwai da nono. Ƙarancinsa yana kawo mutuwar ƙafa da jin kamar ana tsira allura, daidai da alamar lalacewar jijiya ta ciwon suga, don haka sai a ɗora wa ciwon laifin abin da gwajin jini zai iya ganowa a gyara.

Zogale a nan ne gurbinsa, a matsayin abinci. Shi da rama, alayyafo, yakuwa, lalo, kuka, kuɓewa, kabeji da yalo suna kawo sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin A, suna cika ciki, sitacinsu kuma ƙalilan ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abinci ne da ba shi da na biyu ga mai suga, muddin ba a barbaɗa masa sukari ba kamar yadda wasu ke yi. Tsarin da masana abinci ke koyarwa shi ne rabin faranti ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama ko ƙwai, sauran kashi ɗayan hatsi. A kwanon Bahaushe wannan na nufin a juya abin da aka saba: malmala ta koma kamar dunƙulen hannun mai ci, miya ta yi kauri da ganye har ta fi tuwon yawa. Ba sai an ɗora masa tukunya daban ba, kuma yaran gidan da suka gaji haɗarin ciwon su ma sun ci riba. A yi hankali da gishiri da dunƙule, domin hawan jini abokin tafiyar suga ne, kuma iyakar gishiri ta yini giram 5 ce, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ciwon ya riga ya taɓa wa ƙoda, nasa lissafin na wake da ganye daban ne, likitansa ne zai tsara masa.

Jiki ya bambanta, har tuwo ɗaya yana iya yi wa mutum biyu aiki daban. Mai na'urar gwaji a gida yana iya raba gardamar da kansa: ya auna kafin ya ci, ya sake aunawa bayan awa biyu. Ga mafi yawan masu ciwon ana so lambar ta biyu ta tsaya ƙasa da 180. Ya gwada tuwon alkama yau, na dawa gobe, da girman malmala ɗaya da miya iri ɗaya, ya rubuta lambobin a takarda ya tafi da su ranar ganin likita.