Me Muke Kai wa Marasa Lafiya a Ledar Dubiya?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan uwa, duk wanda ya saba zuwa dubiya babban asibitin Paraku ko asibitocin Jugu ya san irin ledar da muke riƙowa: kwalbar malta biyu ko uku, gwangwanin madara mai kauri, jus na kwali, sai dogon burodi. Mu ma mun daɗe muna riƙe irinta. Wata rana mun je duba wani dattijo, abokin karatunmu tun makarantar allo, wanda ciwon sukari ya taɓa masa ƙafa. Muka tarar da irin wannan leda ta fi biyar a ƙarƙashin gadonsa. Ma'aikaciyar jinya ta dubi tamu, ta ce cikin ladabi, "Alfa, in ya sha wannan, aikin da muka yi tun safe ya rushe." Duk waɗanda suka kawo ledojin nan lada suka zo nema, kuma sun kashe kuɗin da wasunsu ba su da shi. Abin ya tsaya mana a rai. Tun daga ranar muka shiga tambayar likitoci, muna kuma karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalaye da gwangwanaye. Abin da muka fahimta shi ne muke so mu isar.

Jama'armu, alhamdu lillahi, sun iya tambaya a kan halal. Wa ya yanka? Akwai man alade a ciki? Akwai giya? Wannan abin yabo ne. Sai dai shari'a ta gwama halal da ɗayyib, wato abu mai kyau wanda ba ya cutarwa, kuma ta hana wuce iyaka a ci da sha. Sukari halal ne, gishiri halal ne, mai halal ne. Amma yawan waɗannan ukun yana cikin manyan abubuwan da ke kwantar da dattawanmu. Binciken da ma'aikatar lafiya ta Benin ta yi a 2015, bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi huɗu yana da hawan jini. Ka dubi sahun sallar Juma'a ka ƙirga.

Mu fara da malta, domin ita ce sarauniyar ledar dubiya. An ce tana ƙara jini, shi ya sa ake ɗura wa mai jego da wanda ya tashi daga zazzaɓi, wani lokaci har a tsiyaya mata madara. Launinta ne ya ruɗe mu. Sukarin da ke cikinta bai da nisa da na sauran lemon kwalba, shi kuwa lemon kwalba mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi 9 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a wuni kada ya wuce kimanin giram 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Ashe kwalba ɗaya ta cinye mafi yawan rabon wunin. Abin da jiki ke ƙera jini da shi sinadarin ƙarfe ne, kuma yana cikin hanta, nama, kifi, wake da ganyaye irin su zogale. Tsinken hanta biyu a wajen mai caccanga sun fi kwalbar malta amfani ga mai ƙarancin jini. Zoɓo ma jan launinsa bai mayar da shi jini ba, kuma yadda ake dama shi don sayarwa, sukarinsa yakan kamo na kwalba.

Madarar gwangwani mai kauri, wadda ake kwararawa a shayi da kofi da dege, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Akwai kuma garin madara mai araha da ake aunawa a kasuwa, wanda da yawansa an cire masa man nonon tun a Turai an maye gurbinsa da man tsiro mai araha. Abin mamaki, wannan muke girmama baƙo da shi, alhali Fulani na kewaye da mu, nono da wagashi na shigowa Kasuwar Arzeke kullum safiya.

Jus na kwali kuwa hoton mangwaro da abarba da ke jikinsa ne ke sayar da shi. Da yawa ruwa ne da sukari da ɗan ruwan 'ya'yan itace. Ko wanda aka matse zalla, an raba shi da tuƙar da ke sa sukari ya shiga jini a hankali, kuma masana suna lissafa sukarinsa tare da na cokali. Mu da muke ƙasar yazawa da mangwaro! A kan hanyar Paraku zuwa Jugu, lokacin bazara, za ka ga 'ya'yan yazawa zube a gindin itace an cire ƙwallon an bar su suna ruɓewa, alhali sun ninka lemon zaƙi bitamin C sau da yawa. Har yanzu akwai iyayen da ke hana yara mangwaro wai yana kawo zazzaɓi. Sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Nunar mangwaro tana haɗuwa ne da faɗuwar damina, lokacin da sauro ke ƙyanƙyasa, sai laifin ya faɗa kan mangwaro. A wanke shi da ruwa mai tsabta a ba yaro.

Sai abincin kafeteriya. Samarinmu, musamman 'yan zemijan da ɗaliban jami'a, suna ganin taliya da soyayyen ƙwai da mayonis da burodi da kofi mai madara shi ne abincin wayayyu, wace kuwa na marar hali ne. Mu duba farantin. Taliya farin gari ce, burodi farin gari ne, mayonis mafi yawansa mai ne, kofin kuma mun riga mun faɗi abin da ke ciki. Ƙwan ne kaɗai abin kirki a wurin. Ita kuwa wace, wadda sunanta ma daga wakenmu na Hausa ya samo asali, haɗin wake da shinkafa ce, kuma haɗa hatsi da wake yana ba jiki abin gina tsoka mai kyau, yana riƙe ciki, ba ya ɗaga sukari da sauri kamar farin burodi. In mai sayarwa ta rage man da take malalawa a kai, da wuya a samu abincin bakin titi da ya fi ta. Taliyar leda da yara ke kira indomi ita ma a san cewa an soya ta a mai tun a masana'anta kafin a ƙulle ta, kuma ɗan ƙunshin garin da ke ciki gishiri ne mafi yawansa. A ci jefi-jefi babu laifi. Amma uwar da ta mai da ita abincin yaro na kullum, tana ganin gata ta yi masa, ta sake tunani. Gara ta dafa masa ƙwai, duk da camfin da ke cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Wannan magana ba ta da asali a addini, ba ta da shi a likitanci.

Gishiri ya fi sukari iya ɓuya. Sau nawa muka ji mai hawan jini yana cewa, "Ai ni na bar gishiri, magi kawai ake sa mini." Ɗan uwa, kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne. Abin da aka yarje wa babban mutum a wuni bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi, da kifin gwangwani, da yajin tsire. Uwargida ta jefa dunƙule uku ko huɗu a tukunya, ta ƙara gishiri, wani kuma ya barbaɗa a faranti. Iyayenmu da daddawar kalwa suka yi miya, wadda Bargawa ke kira sonru, da busasshen kifi, da albasa da citta. Daddawa wake ce ta ɗorawa, tana da abin gina jiki, ba ɗanɗano kaɗai ba. Yanzu wasu amare suna ƙyamarta wai tana wari. Harshe yana sabawa. A rage dunƙule ɗaya a wannan mako, a sake rage wani bayan mako biyu, mutanen gida ba za su ankara ba.

Kada wani ya fahimci cewa duk abin da ya fito daga ƙauye ya kuɓuta. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farko haɗari domin yana kisa. Masara da gyaɗa in ba su bushe sosai ba aka zuba a rumbu, suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda dahuwa da suya ba sa kashewa. Tana lalata hanta, tana cikin sabubban kansar hanta. A 2002 an wallafa wani bincike da aka yi a kan yara 480 a ƙauyukan Benin da Togo, aka samu alamar gubar a jinin kashi 99 cikin 100, kuma waɗanda suka fi tsumburewa su ne suka fi yawanta. To ina gyaɗar da ta yi baƙi take tafiya? Ba a zubar da ita. Ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli da tunkuza. Mai yin haka ya sani cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma a nan yaran Musulmi da na maƙwabta ake ciyarwa.

Haka nan masu zuba maganin ƙwarin auduga a buhun wake, ko masara, ko busasshiyar doyar da ake niƙawa a yi telibo, don kada ƙwari su ci. Manyanmu ba su manta da daminar 1999 zuwa 2000 ba, lokacin da aka ƙirga mutum aƙalla 37 da maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe a yankin Borgu, da yawansu ta hanyar abinci. An hana shigo da shi a 2008, amma ɗabi'ar zuba maganin gona a abinci ba ta tafi tare da shi ba. Idan ka ga wake tas babu ko huda ɗaya bayan watanni, kuma yana wani wari, ka yi tambaya. Wagashi kuwa, wanda matan Fulani ke daskarar da shi da tumfafiya su rina shi da karan dafi, abinci ne mai daraja ƙwarai. Sai dai yana yini a rana a kan tire, don haka a tafasa shi kafin a ci, kuma ba dole sai an tsoma shi a mai ba.

Maganar mai gajeriya ce. Rubutun da ake yi a jarka cewa babu kolestarol ba wata falala ba ce, duk man da ya fito daga tsiro haka yake, har man gyaɗar da ake matsewa a gida. Man ja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma in aka ƙona shi har ya yi fari, an kashe shi. Wanda ya fi muni shi ne man kaskon da aka soya ƙosai da shi jiya, aka soya doya yau, gobe a ƙara sabo a kai, har ya yi baƙi yana kumfa. Ƙosai da awara asalinsu wake ne, abinci ne nagari. Kaskon ne abin dubawa.

Mu dawo kan masu ciwon sukari, domin su aka fi cika wa kunne da fatawar da ba ta da malami. An ce su bar sakwara su koma burodi, kuskus da taliya, wai alkama ba ta da sukari. Farin garin alkama yana zama sukari a jini kamar yadda doya ke zama, farin burodi ma yana cikin masu saurin yi. Matsalar sakwararmu girman malmala ce. Mutum ya zauna gaban laboko da aka kirɓa, ya tashi da abin da zai ishi mutum uku, miyar kuwa ɗan taɓawa. A juya lissafin: malmala ƙarama, miyar kuka ko kuɓewa ko lalo mai yawa, da kifi ko wagashi. Dawa, gero da accar da ake nomawa a wajen Bukumbe, in ba a surfe su fes ba, sun fi farin gari. Jagoran abinci da ƙasarmu ta fitar a 2015 an zana shi ne da siffar ɗakin bukka, rukunin abinci biyar a jikin bango, ruwan sha a bakin ƙofa, kuma kayan da ke cikinsa na kasuwanninmu ne.

Akwai wadda ta shafe mu mu malamai kai tsaye, ita ce maganar zuma da dabino. Falalarsu ta tabbata, ba mai jayayya. Amma falala ba ta nufin a sha babu awo, kuma ba ta nufin kowane mai ciwo kowane adadi zai yi masa. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 sukari ce, busasshen dabino wajen kashi biyu cikin uku. Mai ciwon sukari da ya bar sukarin shayi ya koma zuba zuma cokali uku bai matsa ko'ina ba. Jariri kuma da bai cika shekara ba likitoci sun hana a ba shi zuma. Lokacin da muke karatu a ƙasashen Larabawa mun ga yadda ake buɗa baki da dabino ƙwaya kaɗan da ruwa, mun kuma ga gidajen da ake jera kayan zaƙi har sahur, kuma ƙasashen nan yanzu suna cikin waɗanda ciwon sukari ya fi yawa a duniya. Mu a nan mun haɗa duka: dabino, kunu mai sukari, zoɓo, lemon kwalba, masa da ƙosai, duk kafin a tayar da Magariba. Sai mutum ya kasa tsayuwar tarawihi, ya ce azumi ne ya kayar da shi. Mai ciwon sukari ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma likita ne zai faɗa masa ko yana cikin masu rangwamen.

Game da ledar dubiya, abin da muke yi yanzu shi ne mu tambayi masu jinya tukuna me aka yarda ya ci, domin mai ciwon ƙoda, alal misali, akwai 'ya'yan itacen da ake taƙaita masa. In an ba da dama, sai a kai lemon zaƙi ko gwanda, dafaffen ƙwai, farfesun kifi marar gishiri da yawa, ko kwaɗon zogale daga gida. In ba a sani ba, a danƙa wa mai jinya kuɗin ledar ya ƙara a na magani. Abokin namu an yanke masa yatsu biyu, ya koma gida, yana zuwa masallaci da sanda. Da muka koma gaishe shi, ruwa da goro aka kawo mana, ya ce maltar da ta taru jikoki ya hana su ma, ya sa an mayar wa mai kanti an canzo sabulu.