Ɗaukar Hoton Tsuntsaye: Sanin Hali Kafin Sayen Kyamara

Abokan karatuna sukan tambaye ni wace kyamara za su saya don ɗaukar hoton tsuntsaye. A ganina, sanin halin tsuntsun shi ne farko. Belbela, alal misali, tana bin shanu ne saboda ƙwarin da suke tayarwa daga ciyawa. Don haka ba na bin ta, nakan tsuguna a gefen da garken ya dosa in jira ta iso. Shamuwa kuwa sai gab da damina take zuwa Arewa, neman ta da hunturu wahalar banza ce.

Da sanyin safiya nake fita, rana tana bayana, domin hasken tsakar rana yakan jefa inuwa a idon tsuntsu, kuma hoton da ido bai fito ba matacce ne. Manyan tsuntsaye sukan fuskanci iska in za su tashi. Idan iskar ma daga bayana take kaɗowa, to tsuntsun zai taso yana fuskantata. A nan nakan sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, don kada fukafukai su dushe.

Sheƙa ce kawai ba na kusanta, domin uwar in ta firgita takan bar ƙwai a rana.