Kafin Ku Sayi Jirgi, Ku Fara Auna Ruwanku

Kwanakin baya wasu samari suka zo ofishinmu daga wani ƙauye da ke bakin wata ƙaramar madatsar ruwa. Suka ce ƙungiyarsu ta tara kuɗi daga noman rani, suna son su sayi jirgin ruwa domin tsere da yawon shan iska a lokacin bukukuwan salla, su kuma riƙa samun ɗan abin sa wa aljihu daga baƙi masu zuwa kallo. Ɗayansu ya nuna mini hoton jirgin da suke sha'awa a wayarsa. Fari ne fat, mai tsinin baki, da ƙaton inji a baya, yana jan wani Bature da igiya a kan allo. Na tambaye su, ƙafa nawa ne zurfin ruwan naku a watan Afrilu? Suka dubi juna. Babu wanda ya taɓa aunawa.

Ba su kaɗai ne ke da wannan buri ba. Tun daga shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsun Bagauda da Tiga a tsohuwar Jihar Kano, garuruwa da dama da ba su san jirgi ba suka wayi gari da ruwa a bayan gida. Amma ba kowane ruwa ne Tiga ba. Yawancin tafkuna da ƙananan madatsu na karkara faɗi ne da su, babu zurfi. Jirgin da ya dace da su dabam yake da wanda ake gani a hoto.

Abin farko shi ne awo, kuma lokacin yinsa shi ne bazara. Wanda ya ga tafki a watan Satumba, ya cika ya batse, bai san tafkin ba. A ƙasarmu rana da iska kaɗai suna shanye abin da ya kai ƙafa 6 na ruwan da ke kwance a fili cikin shekara, watau gaba guda. Ga na masu noman rani, ga na dabbobi. Saboda haka wurin da ya shanye mutum tsaye da kaka, yana iya zama iyakar gwiwa a watan Afrilu ko Mayu. A sami doguwar gora, a yi mata alama ƙafa-ƙafa da fenti. A roƙi Sarkin Ruwa ya haɗa ku da masunci tsohon hannu, ku shiga kwale-kwalensa ku ratsa tafkin tsaye da kwance kuna dungura gorar. Duk inda aka auna a rubuta a littafi. A lura kuma da abin da gorar ta taɓa, yashi ne, laka ce, ko dutse. Madatsa kan shanye gonaki da itatuwa ne lokacin da aka tare ruwan, kututturan kanya da na tsamiya kuwa suna daɗewa ba su ruɓe ba. Suna nan tsaye ƙarƙashin ruwa suna jiran gindin jirgi. Masunta sun san wurarensu ɗaya bayan ɗaya, domin sun sha yage musu raga.

In an gama awo, sai a duba gindin jirgin da za a saya. Nan ne maganar take. Wani jirgi gindinsa na da tsini kamar bakin garma. Irin wannan an yi shi ne don ya tsaga igiyar ruwa a teku ko babban kogi, kuma yana nutsa sosai. A ruwa marar zurfi zai yi ta kartar ƙasa yana kafewa. Akwai kuma kwale-kwalenmu na gargajiya da ake sassaƙawa daga gungumen maɗaci ko kawo, mai gindi kamar komi. Yana da gudu, ba ya son ruwa mai yawa, amma siriri ne, yana da saurin juyewa a hannun wanda bai saba ba. Na uku shi ne mai shimfiɗaɗɗen gindi kamar tire, wanda kafintocin bakin kogi ke haɗawa da katako, ko kuma na faiba da ake yi a masana'anta. A ganina wannan na ukun shi ne jirgin ƙaramin tafki in za a ɗauki baƙi. Yana tafiya a ruwan da bai wuce gwiwa ba, kuma ba ya rawa in mutum ya motsa. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son igiyar ruwa. Da iska ta taso sai ya riƙa dukan ruwa da ƙirji, ruwa na fallatsowa ciki.

Me ya sa faɗin gindi ke da amfani haka? Ga dalili. Duk abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, shi ya sa jarka mai cin lita 25 take da nauyin rabin buhun siminti. Alal misali, mu ɗauki jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa ƙafa 16, faɗinsa ƙafa 4. Kafin ya nutse da inci ɗaya sai ya ture ruwan da ya kai kilo 120, watau kimanin nauyin manya biyu. Ke nan mutum 8 za su sa ya nutse da inci 4 kacal, ban da nauyin jirgin kansa. Kwale-kwale mai tsawo ɗaya da shi amma faɗinsa ƙafa 2, zai nutse ninki biyun haka ko fiye.

Wannan lissafi yana da wani gefen da ya kamata a ji tsoronsa. Da yake jirgin a hankali yake nutsa, sai matuƙi ya ga kamar har yanzu da sauran wuri. A ce tsayin gefen jirgin nan inci 18 ne, nauyin kansa ya cinye inci 3. In aka zuba mutum 20, sun ci inci 10. Saura inci 5 tsakanin bakin jirgi da ruwa, bai kai tsawon tafin hannu ba. Jirgin yana nan a saman ruwa, ba a ga wani abu ba. Amma mutum uku su miƙe tsaye lokaci ɗaya, ko su karkata gefe guda don kallon wani abu, ruwa ya shigo. In kuwa ya fara shiga, ƙara nutsar da jirgin yake yi, wani ruwan ya biyo baya. Babur ɗaya ya haura kilo 100, a lissafa shi a matsayin mutum biyu.

Mutanen Bagwai ba sa bukatar a yi musu wannan bayani. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari da yamma. An tabbatar da rasuwar mutum 29 a kwanakin farko, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya da za su taron Maulidi. Rahotanni sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Allah ya jiƙansu. Watari ba Kwara ba ce, ba kuma Kainji ba ce. Madatsa ce irin wadda samarin nan ke da ita a bayan gari. Kada wani ya ce ai ruwan namu ba shi da zurfi. A tsakiyar kowace madatsa akwai tsohuwar hanyar rafin da aka tare, can kuwa zurfi ne. Inda babu zurfin ma, laka tana riƙe ƙafa, babbar riga da zane suna shan ruwa su yi nauyi, wanda ya firgita kuma yakan riƙe na kusa da shi su tafi tare.

Yanzu sai maganar inji, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalin samari. Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi yana da ƙafa da ke sauka cikin ruwa, a ƙarshenta akwai farfela. Ƙafar iri biyu aka fi samu a kasuwa, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Ana zaɓa ne daidai da tsayin allon bayan jirgi, saboda haka a sa kafinta ya yi allon bayan daidai gajerar ƙafa. Ko da gajerar ce, farfela tana sauka kimanin ƙafa ɗaya ƙasa da gindin jirgi. Jirgin da gora za ta wuce da shi a ruwan inci 8, da inji sai ya nemi ƙafa 2 ko fiye kafin a tafi hankali kwance.

Wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, injin da ruwan tafkin yake sanyaya kansa. Yana zuƙo ruwa ta wasu 'yan ƙofofi a ƙafar, ya zagaya da shi cikin jikinsa, ya tsarto shi ta baya. In ruwan ya yi ƙasa, farfela na tayar da laka da yashi, injin ya zuƙe su, su cinye 'yar robar da ke tura ruwan. Daga nan sai zafi, sai inji ya buga. Matuƙi ya riƙa waiwayawa yana duba tsartuwar nan, in ta tsaya ya kashe inji nan take. Ga kuma ciyawa. Kainuwa da bado suna nannaɗe farfela. A fadamun Haɗeja da Nguru, inda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, gora ta fi inji amfani a wurare da dama. In dai lallai sai an sa inji, mai ƙarfin doki 15 ya ishi jirgi mai ƙafa 16 a ƙaramin tafki. Mai doki 40 asarar mai ce kawai. A kuma tambaya tun kafin a biya, akwai makanikin irinsa a kusa, kuma ana samun kayan gyaransa?

To, jirgin cikin hoton fa, mai jan mutum a kan allo? Na gaya wa samarin su cire shi daga ransu. Wannan wasa yana bukatar ruwan da zurfinsa bai gaza ƙafa 5 ko 6 ba a duk hanyar da za a bi, domin wanda ake ja yakan faɗi da ƙarfi, in ruwan ya yi ƙasa ya buga kai ko wuya. Yana kuma bukatar fili. Jirgin da ke gudun kilomita 40 a awa zai cinye tafki mai tsawon kilomita ɗaya cikin minti ɗaya da rabi, sai juyawa, sai juyawa. Babur ɗin ruwa ma, wanda ake hawa kamar acaɓa, ta ƙasa yake zuƙo ruwa, masu ƙera shi da kansu sun ce kada a tayar da shi a ruwan da bai kai ƙafa 2 zuwa 3 ba. Sa'an nan tafkin ba naku ne ku kaɗai ba. Igiyar ruwan da mai gudu ke tayarwa tana kifar da masunci a kan gorarsa, tana zaizaye gaɓa, tana dama ruwan da mata ke ɗiba, farfela kuma ta datse raga da mamari. Rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin da za a samu.

Wasan ruwa kuwa ba sai da inji ba. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi na Matan Fada a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ana yin wasannin da ake kira kabanci, akwai tseren kwale-kwale, da ninƙaya, da kamun agwagwa, da kamun kifi da hannu. Da filafili da ƙarfin damtse ake yinsu, a ruwan rani, kuma jama'a na tahowa daga ƙasashen waje don su gani. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kuɗin da za a sayi jirgi ɗaya mai gudu zai sayi ƙananan kwale-kwale da dama masu tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, unguwa-unguwa su kara. Waɗannan na masu iyo ne kaɗai. Baƙi da yara a sa su a mai faɗin gindi.

Wajen saye, kada a biya kuɗin jirgi yana kan tudu. In na katako ne, a tsokani katakon da tsinin wuƙa, musamman wajen mahaɗai da allon baya, inda ya lotsa ya ruɓe. Katakon rimi yana da araha da rashin nauyi amma ba ya daɗewa a ruwa. In na faiba ne, a ƙwanƙwasa gindin a ji ko akwai inda ya yi taushi, a kuma tambaya ko an cusa masa soso a ƙarƙashin kujeru, wanda zai riƙe shi a sama ko da ya cika da ruwa. A sa jirgin a ruwa ya kwana, da safe a ga abin da ya sha. Daga nan a gwada shi a bakin gaɓa da buhunan yashi daidai nauyin mutanen da ake son ya riƙa ɗauka. A tabbata an bar aƙalla ƙafa ɗaya tsakanin ruwa da bakin jirgi, a ja layi da jan fenti a jikinsa, a rubuta adadin mutane da manyan lambobi inda kowa zai gani.

Tun wajen kasafi a ware kuɗin rigar ruwa, ɗaya ga kowace kujera, har da ƙananan na yara, domin ta babba zamewa take yi ta kan yaro. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana shiga jirgi ba rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Kowane jirgi, ko mai inji ne, ya kasance da gora da filafili biyu da igiya da ƙwaryar kwarfe ruwa. In hadari ya haɗu a gabas a farkon damina, a fito, domin iskar da ke gaba da ruwan sama kan tayar da ruwa marar zurfi cikin 'yan mintoci. Yaran da ke yawan shiga ruwan kuma a riƙa lura da su saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a irin wannan ruwa na kwance mai ciyawa. Duk wanda aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Samarin sun koma gida da niyyar neman gora da fenti. Na ce su jira watan Afrilu, su auna, su kawo mini littafin mu duba tare kafin su je wurin kafinta.