Inda iska take juyawa sau biyu a shekara

A gabashin nahiyar Asiya akwai wani yanki mai faɗi inda iska take sake hanya sau biyu a shekara. Yankin ya haɗa kudancin ƙasar Sin, da kudancin Japon, da kudancin Koriya. Arewacin Indiya, inda kogin Ganji yake bi, shi ma irin wannan yanayi gare shi.

Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi, ta kuma fi shi saurin hucewa. Da bazara ƙasa takan yi zafi ƙwarai, iskar da ke bisanta ta tashi sama. Sai iskar teku ta shigo ta cike gurbin, ɗauke da laima. Daga watan Mayu zuwa Satumba ana zafi, ana ruwa. A birnin Shangai, ruwan shekara yakan kai milimita 1200, wato ninki biyu na ruwan Yamai. Cikin Yuni da Yuli akan yi makonni rana ba ta fito sosai ba, har tufafi da takalma su yi funfuna cikin ɗaki.

Idan hunturu ya zo, ƙasa ta huce, sai iska ta juya. Tana busowa daga Siberiya, busasshiya, mai sanyi. Ta yi kama da iskar hunturun Sahel, amma sanyinta ya fi tsanani. A watan Janairu, ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 5 a Shangai. Ruwan sama kuma ya ragu.

Zafi da ruwa a lokaci guda, abin da shinkafa take so ke nan. A can kudu, manomi yakan girbe ta sau biyu a shekara cikin gona ɗaya. Bisa tuddai ana noman ganyen shayi da lemu. Gora kuwa daji guda take yi.

Amma iskar nan ba ta da alkawari. A shekarar 1998 ruwa ya yi yawa, kogin Yangse ya cika ya yi ambaliya. Mutum fiye da 3000 suka rasu, gidaje da gonaki masu ɗimbin yawa suka nutse. A shekarar 2022 kuwa fari aka yi, kogin ya janye har tsibiran da ruwa ya rufe suka fito fili, shinkafa ta bushe a gonaki.